Jan Ɗigon da Ya Shiga Jirgin Badamasi

Ku matso kusa, a rage fitilar nan. Duk wanda ya san ba zai iya fita tsakar gida shi kaɗai ba bayan ya ji, ya tashi tun yanzu, don ni ba mai raka kowa ba ce.

Mutumin da abin ya faru da shi yana nan da ransa. Can yamma yake, inda babban kogi ya baje har ido ba ya kai ɗaya gaɓar. Sunansa Badamasi, direban jirgin ruwa a wani ƙauye da ake kira Tungar Maje. Dogon jirgin katako gare shi, mai inji a baya. Ranar kasuwa yakan ɗebi mutane da buhuna da awaki ya kai su tsibirin da ke tsakiyar kogi, inda kasuwar take ci, da yamma ya kwaso su. Matarsa Hansatu ma can take sayar da soyayyen kifi.

Badamasi ba mai yawan magana ba ne, kuma akwai dalili. Tun yana saurayi, wata damina, yayarsa Barira ta shiga jirgi da goyonta za ta dawo gida. Sama tas lokacin da suka taso. Suna tsakiyar ruwa gabas ta haɗe. Iska ta riga su isa gaɓa. Washegari aka tsinci ɗankwalinta a cikin ciyawar bakin ruwa. Ita da jaririn, har yau.

A Tungar Maje ba a cewa hadari ya kifar da jirgi. Cewa ake yi ruwa ya karɓi rabonsa. Kowace damina sai ya karɓa, wani sa'in mutum ɗaya, wani sa'in jirgi guda da mutanen cikinsa. A yi kuka, a yi addu'a, a koma ruwa, don babu wata hanyar.

Wata rana wani malamin gona ya shiga jirgin Badamasi. Suna tafe mutumin ya duba wayarsa ya ce, "Direba, ɗan ƙara wuta, akwai ruwa a bayanmu."

Badamasi ya waiga. Babu ko gajimare. Bai yi musu ba, ya ƙara. Suna ɗaure jirgi aka kece da ruwa.

Bai bar mutumin ya tafi ba sai da ya sa masa abin a tasa wayar. Manhaja ce mai nuna taswira, a kan taswirar kuma ga hadari nan kai tsaye, yana tafiya yadda yake tafiya a sama. Inda ya yi kore, yayyafi ne. Rawaya, ruwa sosai. Ja kuwa, ka nemi mafaka. A tsakiya akwai ɗan ɗigo shuɗi. Wannan kai ne, mai riƙe da wayar.

Damina guda ya yi yana zama gindin ɓauren tashar jirage, ya dubi waya, ya dubi sama. Ya gane hadarinsu daga gabas yake tasowa. Ya gane idan ja ya tsallako duwatsun can, wanda ya riga ya taso zai kai gaɓa, wanda bai taso ba sai ya haƙura. Ya gane kuma abin yakan ɗan makara, don haka bai daina sauraren iska ba.

Da farko dariya ake yi masa. Aka sa wa wayar suna madubin hadari. Amma da ya hana jirgi tashi sau ɗaya, sau biyu, aka ga abin da ya biyo baya, sai dariyar ta ƙare. Direbobi suka koma ba sa jan igiyar inji sai sun leƙo gindin ɓaure.

"Badamasi, me madubi ya ce?"

"Allah ne masani. Amma akwai ja a gabas. Ku dakata."

Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, wata ta biyo. Ko jirgi ɗaya bai kife ba. Tsofaffin mata suna sa masa albarka a hanya. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa, wancan rabon da ruwa ya saba karɓa, yanzu ina yake samunsa.

To, Badamasi yana da amini, Sallau, ɗan marigayi sarkin ruwan garin. Tare aka yi musu shayi. Tare suka koyi iyo, shekara ɗaya suka yi aure. Ɗan Badamasi na fari sunan mahaifin Sallau aka sa masa. Idan ka ga ɗaya a tasha, juya kawai, ɗayan yana nan.

A daminar da nake ba ku labari, Sallau ya fara ramewa. 'Yarsa ƙarama, Saude, ta kwanta ciwo. Badamasi da kansa ya haye da su asibiti, aka duba ba a ga komai ba. Ran nan ya shiga ɗakin Sallau dubiya, ya ji daɓen da danshi a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ɗaga kai. Rufin lafiya lau. Ya dubi yarinyar tana barci, gashinta jiƙe, da yashi a tsakanin yatsun ƙafarta.

"Ɗan Sarki, yarinyar nan ta je bakin ruwa ne?"

"Zufa ce," in ji Sallau. Ya ja zane ya rufe mata ƙafa.

Ranar wata kasuwa, bayan la'asar, Badamasi yana shirin komawa tsibiri ya kwaso 'yan kasuwar ƙarshe, cikinsu har da Hansatu. Sai ga Sallau. Jirginsa yana ɗaure can gefe, murfin inji a buɗe.

"Bada, taimako za ka yi mini."

"Faɗi."

"Akwai wata tsohuwa a Tsohon Mashigi. Mutuniyar Baba ce tun da. Ta aiko a zo a haye da ita. Injina ya ƙi tashi."

Tsohon Mashigi yana can ƙasa da tsibiri, a ɗaya gaɓar. Tun da ruwa ya ƙaru ya cinye ƙauyen da ke wurin babu mai tsayawa can. Badamasi ya ce, "Me tsohuwa take yi a wannan kufai?"

"Hanyar da ta sani ke nan. Ka san tsofaffi."

"Su Hansatu fa?"

"Za su jira. Yanzu ka je ka dawo."

Badamasi ya ciro waya. Taswira fes. Daga duwatsun gabas har bayansu babu ko kore. Ya nuna wa Sallau fuskar wayar, yadda ya saba. Sallau bai duba ba. Ƙasa yake kallo. Shi ya kwance masa igiyar jirgi, shi ya tura shi cikin ruwa, har ruwa ya kai masa gwiwa. Da jirgin ya juya, Sallau ya ce wani abu a hankali. Ƙarar inji ta danne. Badamasi ya ɗaga masa hannu kawai.

Ya tafi shi kaɗai.

Rana tana nan da sauranta lokacin da ya hango tsohuwar kukar da ruwa ya ci gindinta. Alamar wurin ke nan. Ya rage wuta. Abin da ya fara lura da shi shiru ne. Bakin ruwa da damina ba ya rasa kwaɗi da tsuntsaye. Nan babu. Ko sauro bai ji ba.

Tana tsaye a kan yashi. 'Yar siririya, kamar karan dawa. Baƙin zane, farin mayafi. Ba ƙunshi, ba sanda.

"Salamu alaikum, Inna."

Ba ta amsa sallamar ba. Ta ce, "Ka zo."

Muryar ce ta fara taɓa shi. Kamar daga cikin randa take fitowa. Kuma bakinta ya riga ya rufe kafin maganar ta gama isowa.

Ya ce a ransa tsufa ne. Ya matso da jirgi, ya miƙa mata hannu. Ba ta kama ba. Ta ɗaga ƙafa ta shigo.

Jirgin ya nutsa.

Jirgin da ke ɗaukar buhunan shinkafa da mutane da dabbobinsu bai taɓa yin ƙasa haka ba. Ruwa ya zo dab da baki. Badamasi ya riƙe katako. Ya dubi yashin da ta taso daga kai. Sawunta suna nan, kowanne cike da ruwa, ruwan yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa.

Ta zauna a tsakiya, ta fuskance shi. Fasinja gaba yake kallo. Ita shi take kallo.

Ya ja igiya, inji ya tashi. Ya ce gara tafiya da tsayuwa. Suka bar gaɓa.

Yana tuƙi yana satar kallonta. Mayafin a bushe. Zanen a bushe har gwiwa. Daga nan zuwa ƙasa yana ɗiga, ɗis, ɗis, ba ya tsayawa. Warin taɓo ya cika jirgin, irin taɓon can ƙasa wanda rana ba ta taɓa gani ba. Da zanen ya ɗan ja baya ya ga ƙafafun. Dogayen yatsu. Tsakanin kowane yatsa da ɗan'uwansa akwai fata siririya, irin ta agwagwa.

Ya mayar da ido kan ruwa.

"Kai ne mai madubi," in ji ta.

"Haka suke cewa, Inna."

"Nuna mini."

Ya ciro wayar. Ya buɗe. Gabas fes, yamma fes, kamar ɗazu. Ga ɗigonsa shuɗi a tsakiyar kogi. Sai dai yanzu akwai wani abu a kansa. Ɗigo ja, kamar ƙwayar gero. Babu kore kewaye da shi, babu rawaya. Hadari ba ya zuwa haka. Ja kawai, a kan shuɗin.

Ya goge gilashin da bakin riga. Yana nan. Jirgi ya matsa, shuɗi ya matsa, ja ya bi shi. Yana kallo ya zama kamar ƙwayar gyaɗa.

"Me ya ce?"

"Ya ce akwai hadari."

"A ina?"

Ya sake duban gilashin. "A nan."

Inji ya yi tari sau ɗaya ya mutu.

Ya ja igiya. Ya sake ja. Ko motsi. Kogin ya kwanta kamar an shimfiɗa tabarma. A gaɓar nan rana, a gaɓar can rana. A saman kansu kuwa wani baƙin gajimare ya fara haɗuwa, bai fi faɗin tsakar gida ba, yana juyawa a hankali.

"Zauna," in ji ta. "Ba zai tashi ba."

Ya zauna.

"Kakan Sallau ya yi alkawari da mu. Mu ba gidansu kifi da sarautar ruwa. Su bar mu da rabonmu, kada a tare mana. Muna karɓa, ba mai magana. Sai aka wayi gari jirage sun san lokacin zuwanmu. Mu taso, mu tarar an ɗaure su. Muka jira. Muka gaji. Muka je gidan, muka zauna a ɗakin Sallau, muka riƙe hannun 'yarsa. Muka ce, wa ya tare mana hanya?"

Ɗigar zanenta kawai ake ji.

"Bai daɗe yana tunani ba."

Badamasi ya ce, "Ƙarya ne."

"Ya ce kai ne. Ya ce kun yi magana. Ya ce ka yarda ka zo da ƙafarka a madadin yarinyar." Ta karkato da kai. "Kun yi magana?"

"A'a."

"Me ya ce maka?"

"Ya ce ke mutuniyar babansa ce. Ya ce injinsa ya ƙi tashi."

"Saurara."

Ya kasa kunne. Da farko babu komai. Can sai ya ji. Daga nesa, ta wajen Tungar Maje, ƙarar inji tana ratsa ruwa. Kowane inji da muryarsa, kuma wannan Badamasi zai gane shi ko cikin barci. Yana da ɗan shaƙewa idan an ƙara masa wuta. Shi da kansa ya sha kwance shi ya ɗaura. Injin Sallau ne, lafiyarsa ƙalau, ya nufi tsibiri.

Me zai kai shi tsibiri? Ya tambayi kansa, amsar ta zo tare da tambayar. Su Hansatu zai kwaso. Ya san wanda ya kamata ya kwaso su ba zai dawo ba.

Tsoron da ke jikin Badamasi ya fita. Wani abu ya shiga madadinsa, mai nauyi, ya tsaya masa a ƙirji. Ya tuna yadda Sallau ya shiga ruwa har gwiwa yana tura shi. Ya ɗauka zumunci ne.

"Ba ma karɓar abin da aka kawo mana da ƙarya," in ji tsohuwar. "Ba ya zama a wurinmu. Mu ma ya ci amanarmu." Ta matso. Jirgin ya ƙara yin ƙasa, ruwa ya fara lasar bakin katako. "Amma ba mu taso don mu koma haka ba. Kai ka ba mu suna."

Ya kau da kai.

"Yana kan harshenka. Ina ganinsa."

Gaskiya ta faɗa. Sunan yana nan, ya cika masa baki. Buɗewa kawai zai yi. Babu mai ji, babu mai gani. Gobe a ce ruwa ya karɓi rabonsa, a yi kuka, a yi addu'a.

Sai ya tuna Barira. Shekara da shekaru yana ɗauka hadari ne ya same ta a hanya. Bai taɓa tunanin ko ita ma wani ne ya zauna ya ambaci sunanta ba, sai yau.

Ya ce, "Ba ni da sunan da zan ba ki. Ban halicci kowa ba."

"Shi ya ba da naka."

"Na ji."

Ya runtse ido ya kama Ayatul Kursiyyu. Muryarsa tana karyewa, yana komawa baya yana gyarawa. Bai tsaya ba. Yana karantawa yana jin jirgin yana ɗagowa kaɗan kaɗan, kamar ana sauke buhuna. Da ya kai ƙarshe ya buɗe ido. Ta kau da fuska gefe, ta ja mayafi ta rufe kunne. Ta jira har ya yi shiru.

Sannan ta miƙo hannu. Ba shi ta taɓa ba. Ta ɗora yatsa ɗaya a kan gilashin wayar, ta bar ɗigon ruwa a wurin.

"Ci gaba da kallo," in ji ta. "Daga yau za ka riƙa ganinmu."

Ta miƙe. Ta zura ƙafa cikin kogi kamar mai sauka daga gado. Ruwan bai ko motsa ba. Ya kai mata ƙugu, ya kai mata wuya. Bakinta ya riga ya nutse lokacin da maganarta ta ƙarshe ta iso.

"Wanda ya yi alkawari shi zai cika."

Jirgin ya yi sama kamar ƙwarya. Badamasi ya dubi waya. Jan ɗigon ya sauka daga kan shuɗin. Ya fara tafiya. Hadarin ƙasarsu daga gabas yake zuwa yamma. Wannan bai bi iska ba. Kogi ya bi, ya yi sama, ya nufi tsibiri. Yana tafiya yana girma. A sama ma baƙin gajimaren ya bi shi.

Hansatu.

Ya kira lambar Sallau. Ta yi ta ƙara har ta yanke. Ya sake kira. Ba a ɗauka ba. Ina zai ɗauka, yana ganin sunan wanda ya tura ga mutuwa yana haske a hannunsa.

Ya kira Hansatu.

"Maigida, kana ina? Mun gaji da jira, Sallau ya zo ya kwashe mu. Ya ce wani aiki ya riƙe ka."

"Kun taso?"

"Yanzu muka bar gaɓa."

"Ba shi wayar."

Ya ji hayaniyar mata, da kukan akuya, da shaƙewar injin nan. Sannan numfashi.

"Sallau."

Badamasi ya ɗaga murya.

"Ka juya. Ka sauke mutane. Kowa ya fita, har da kai. Ku yi nesa da ruwa."

"Bada." Muryar kamar ta yaro. "Kai ne?"

"Tana tafe. Ina ganinta. Ka juya."

"Bada, wallahi..."

"Matata tana cikin jirginka."

Ya ji inji ya sauya murya. Ya ji mata suna tambaya lafiya, ga sama tas. Sai wayar ta yanke.

Daga inda yake yana hango tsibirin, ƙarami, rana tana faɗuwa a bayansa. Ya ga gajimaren ya isa ya tsaya. Ya ga walƙiya ta sauka. Ƙarar ta daɗe kafin ta iso shi. Ya ɗauki filafili ya fara tuƙi da hannu, yana tuƙi yana kiran sunan Allah. Can ya gwada igiya. Ja ɗaya inji ya tashi.

Kafin ya isa an gama. Magariba ta yi. Mutane suna tsaye can tudu, sun dunƙule wuri ɗaya. Rumfunan kasuwa suna nan a tsaye, ko ciyawa ɗaya ba ta tashi daga kansu ba. Ƙasar tudun a bushe take. A bakin ruwa kuwa, inda aka ɗaure jirgin Sallau, sai igiya da 'yan guntayen katako. Injin ma ba a gan shi ba.

Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Hansatu ta riƙe hannun rigarsa ta ƙi saki. Tsofaffi suna cewa madubi ya sake ceton mutane. Badamasi ya ɗebe su duka ya kai gida. Sallau ya zauna can gaba, bai waiwayo ba har suka isa.

Da asuba, bayan an fito masallaci, Badamasi ya tarar da Sallau tsugune a ƙofar gidansa.

"Saude suka ce za su ɗauka," in ji Sallau. "Kullum sai na tashi na tarar da ita a jiƙe. Na rasa yadda zan yi."

Badamasi ya tsaya yana kallonsa.

"Ka ce wani abu, Bada. Ko zagina ne."

"Da ka faɗa mini."

"Da na faɗa maka, za ka je?"

"Ban sani ba. Wataƙila da mun je wurin malamai. Wataƙila da na kwashe ku da kaina na kai ku inda babu kogi. Wataƙila da na je. Ban sani ba. Kai ma ba za ka taɓa sani ba."

Sallau ya kifa kai a gwiwa yana kuka. Badamasi ya ce, "Jiya da ka tura jirgina, ka yi magana ban ji ba. Me ka ce?"

Sallau ya ɗago kai. "Cewa na yi, Allah ya kiyaye hanya."

Badamasi ya raɓa ta gefensa ya shiga gida, ya ja ƙofa.

Bai tona shi ba. Ko Hansatu sai bayan shekaru ta ji. Kafin kasuwa ta zagayo Sallau ya kwashe iyalinsa ya yi arewa, can inda sai an haƙa rijiya mai zurfi kafin a ga ruwa. An ce Saude ta warke, har ta yi aure. An ce shi kuwa ko kwatami ya gani da damina sai ya kewaye. Ya sha aiko da gaisuwa. Badamasi yakan ce a ce masa ya ji. Iyakarta ke nan.

Ɗigon ruwan da tsohuwar ta bari bai bushe ba. Ya shige ƙarƙashin gilashi ya zauna. Badamasi ya sauya waya, ya wayi gari ya gan shi a sabuwar. Kuma tun daga ranar madubinsa yana nuna abin da na sauran mutane ba ya nunawa. Ka buɗe taka, ka ga kogi fes. Ya buɗe tasa, ga jan ɗigo kamar ƙwayar gero, yana yawo a kan ruwa a hankali, har da rani. Wani lokaci ya yi kwanaki a gindin kuka bai motsa ba. Wani lokaci ya zo dab da tashar jirage ya tsaya, kamar mai jiran a kira shi. Ranar da ya zo kusa, Badamasi yakan ce kada kowa ya taso, ko da sama ta fi madara fari. Ba a yi masa musu.

Wani ya taɓa tambayarsa ko har yanzu yana mafarkin tsohuwar. Ya ce a'a. Ya ce ita ai ba ta yi masa ƙarya ba.

To, kun dai ji. Idan Allah ya kai ɗayanku wancan kogin, kada ya bi ta Tsohon Mashigi shi kaɗai, ko da rana tsaka ne, ko da waya ta ce babu hadari. In an ce ka je ka ɗauko wani a can, ka ce wa wanda ya aike ka ya shigo ku tafi tare. In ya ce ba zai iya ba, kai ma ka ɗaure jirginka.

Ku yi addu'a ku kwanta. A bar fitilar haka.